Shekara Biyar Na Riƙe Aji da Sunan Yayata

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Ina roƙon a sakaya sunana, kodayake in kun kai ƙarshen wasiƙar nan za ku ga ni da kaina na riga ku sakaya shi tun da daɗewa.

A farkon shekarun casa'in ni bazawara ce 'yar shekara ashirin da shida, zaune gidanmu a Madarumfa da ɗana guda da mahaifiyata mai ciwon ƙafa. Sana'armu suyar kifi. Inna ta wanke ta soya, ni in ɗauki tire in kai tasha. Amma na yi lakwal, wato makarantar boko, har na gama kolej na samu birbe, takardar nan ta kammala aji huɗu na sakandare. Makarantar horon malamai ce ban shiga ba, don lokacin da ya kamata in shiga ina ɗakin miji, da na fito kuma an rufe ƙofar ɗauka. Takardar tana ƙasan akwati nannaɗe a leda, sai in raina ya ɓaci in ciro ta in duba in mayar. Ina da baki a lokacin, kuma ina da jin kai irin na wadda ta iya Faransanci a unguwar da ba kowa ya iya ba. Wannan jin kan ku riƙe shi, don zai dawo cikin labarin.

Ina da yaya, ɗiyar kawuna. Babana ya rasu ina ƙarama, kawun nan ne ya riƙe ni a Maraɗi duk shekarun kolej, shi ya sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, tabarma ɗaya muka kwana da ɗiyarsa. Ita ta yi horon malanta ta zama cikakkiyar ma'aikaciyar gwamnati. Wata Juma'a sai ga ta gidanmu da tsohon ciki, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. An tura ta wani ƙauye gaba da Safo, mijinta kuwa ɗan kasuwa ne mai safara tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa, ya rantse matarsa ba za ta zauna ƙauye ba. In ba ta je ba aikin ya tafi. Ta ce ta gana da diraktan makarantar sun daidaita, in je in riƙe mata ajin wata uku kawai, har ta haihu ta yi arba'in ta lallashi maigidan, za ta riƙa ba ni jika goma, wato sefa dubu goma, duk wata. Inna ta fara tuna mini alherin kawu, amma ba ta ma ƙarasa ba na amsa. Gaskiya ba don kawu kaɗai na amsa ba. Na gaji da warin kifi.

Makarantar aji uku ce, biyu ginin ƙasa, nawa kuwa rumfar kara. Ba a fara karatu a cikinta sai an gama girbi an samu karan gero, iyaye su taru su kafa, in damina ta kawo kai iska ta kwashe ta, karatu ya ƙare. Ajin farko aka ba ni, yara sun haura sittin, kowa zaune kan tsumman buhu da ɗan allonsa. Ranar farko na tsaya gabansu na zuba Faransanci kamar ruwa, suka yi mini zuru da ido, ɗaya ta fashe da kuka, biyu suka sulale ta ƙasan zana. Mushe dirakta, kamar yadda ake kiran shugaban makarantar da Faransanci, wani dattijo mai cin goro da ya kusa ritaya, shi ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake shirya darasi, yadda ake fara da abin da yaro ya sani kafin a kai shi ga wanda bai sani ba. Allah ya jiƙansa, malami ne na gaske. Amma shi ne kuma ya gindaya mini sharaɗin da ya zama ajalin rabona. Ya ce a baki yara su kira ni Madam, wannan ba laifi, amma duk abin da zai hau takarda sunan yayata zai ɗauka: kayen kiran suna, kayen darasi, katin sakamakon yara, duka. Ya ba ni wata takarda mai sa hannunta ya ce in koya. Kwana uku ina zana shi da tsinke a kan rairayi har hannuna ya saba.

Wata uku ya zama shekara, shekara ta haifi wata. Yaya ta haihu, ta yaye, ta sake ɗaukar wani cikin, maigidan bai lallasu ba, ni kuma ban tambaya ba. Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba don ba ita ce ta fi ci mini rai ba, amma wanda ya yi aikin gwamnati a waɗancan shekarun ya san yadda albashi ke makara. In ya fito a ba ni nawa, in bai fito ba a ce in yi haƙuri, ai kowa haka yake. In ƙungiyar malamai ta kira yajin aiki, dole in rufe rumfata in zauna, don sunan da ke kan takarda yana cikin 'yan yaji. Ku duba fa, ina yajin aiki a kan albashin da ba nawa ba! Sau biyu aka ƙara wa yaya girma a shekarun nan, nawa bai motsa daga jika goma ba, ban kuma iya buɗe baki ba, don wa zan kai wa ƙara? A idon hukuma babu ni a ƙauyen nan. Mutanen gari ne suka rufa mini asiri, wannan ta aiko da tiyar wake, wancan ya aiko da damin gero bayan girbi.

Sai dai na so aikin, wallahi na so shi fiye da yadda na taɓa son wani abu. Duk farkon shekara ni da dirakta muke bin gida-gida neman yara, don iyaye ɓoye su suke yi cikin rumbu. Yadda ake gane wanda ya isa shiga shi ne ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya taɓo an rubuta shi. A gefen garin akwai gidajen masu bin addinin gargajiya, manoma ne na ji da gani, ba su taɓa ba da ɗa ko ɗaya ba. A farkon shekarata ta uku sau huɗu ina zuwa wajen dattijon wani gida a cikinsu yana sallamata da murmushi. A na biyar na tarar suna cin tuwo, matarsa ta miƙo mini don ta gwada ni, na wanke hannu na zauna na ci har na nemi ƙarin miya. Tsohon ya dube ni ya ce tunda ban ƙyamaci tukunyarsu ba, ga jikarsa nan in tafi da ita, amma in an dake ta zai zo ya ɗauke abarsa. Wata 'yar siririya ce mai manyan idanu, da ƙyar yatsanta ya kai kunne. Kafin damina ta faɗi tana karanta abin da na rubuta a allo tun ban gama rubutawa ba.

A shekarata ta uku aka kawo sabon sufeton makarantu Madarumfa, baƙo daga yammacin ƙasa, Hausarsa ma ba ta nuna ba. Wata safiya muna cikin lissafi muka ji ƙarar mota, abin da ba a saba ji a garin ba in ba ranar kasuwa ba. Dirakta ya shigo rumfata da gudu, goro na zubo masa daga baki, ya raɗa mini cewa yau sunana sunan yayata, in na kuskure mun mutu mu uku. Lokacin da zan gudu ma babu. Sufeto ya shigo ya zauna a baya kan kujerata ya buɗe littafinsa. Na ci gaba da abin da nake yi. Ina koyar da tarawa ne da 'ya'yan tsamiya, kowane yaro da 'yar jakarsa da na sa uwarsa ta ɗinka masa, goma-goma muke ɗaurewa a tsumma. Can na manta da mutumin gaba ɗaya, yara na ɗaga hannu suna ƙyasta yatsa, jikar tsohon nan ta fita allo ta yi abin da ko 'yan aji biyu ba su iya ba. Da muka tashi ya kira ni gefe, ya duba kayen darasina shafi-shafi, ya tambayi sunana. Na faɗi na yaya. Ya tambayi inda na yi horo da shekarar da na fito, na faɗi nata, ban yi ko gargada ba. Ya ce tun da ya zo yankin nan bai ga aji irin nawa ba, ya rubuta maki mai yawa ya sa hannu, ni ma na sa hannun da na koya a rairayi.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya manta fuskata cikin ɗaruruwan fuskoki. Ga inda na yi wa kaina. Bayan wata biyu takarda ta zo cewa sufeto na son Madam wance ta je taron malaman yanki ta yi darasin gwaji a gabansu, su ga yadda ake koyar da lissafi da abin da ke ƙasa. Dirakta ya riƙe kai. Ya ce in kwanta ciwo, shi zai rubuta cewa zazzaɓi ya kama ni, a yi taron a watse. Ya ce abin da muke yi ba ya son haske, in yi wa Allah in zauna. Na kwana biyu ina juya maganar, sai jin kan nan ya taso. Na ce a raina shekara uku ina shan rana a rumfar kara ba wanda ya taɓa ce mini sannu, yau an kira ni gaban malamai masu takarda in koya musu aiki, sai in kwanta ciwon ƙarya? Ina! Na ɗaura atamfata ta Salla na hau amalanken jaki na tafi. Na yi darasin, aka tafa, waɗanda suka san yayata a cikinsu suka sunkuyar da kai ba su tona ba, don ba mu kaɗai ke irin wannan haɗin ba. Sufeto ya tsayar da ni gabansu yana kiran sunan yaya yana yabo, ni kuwa ina washe baki kamar nawa ake kira. Bayan wannan sau uku yana sake kirana irin wannan taro, sau uku ina zuwa. Fuskata ta zauna masa daram, da sunan da ba nawa ba a manne.

Sakamakon ya zo a ƙarshen shekara ta biyar. Kasuwa ta juya wa mijin yaya baya, motarsa ta tafi, shagon ya tafi, gidan ya koma kan albashinta. Sai ta nemi a maido ta cikin birnin Maraɗi don ta kama aikinta da kanta, abin da mutane ke shekara goma suna nema ba su samu ba. Ita kuwa nan take aka ba ta, saboda takardunta cike suke da yabon sufeto, shi da kansa ya rubuta cewa malama irin wannan ta cancanci duk inda take so. Wato da hannuna na kori kaina. Aka turo sabon malami ƙauyen, na ɗaure tabarmata da tukwanena a amalanke, yara na bin mu har bayan gari. Yaya ta aiko mini da turmin atamfa da godiya mai yawa. Na dawo Madarumfa, sai dai ko tasha ban iya kai tire ba, don garin da sufeto yake zaune ke nan, kar ya ga Madam ɗinsa da ya tura Maraɗi tana tallar kifi. Cikin gida nake suya, maƙwabciyarmu ta kai.

Ana haka sai rediyo ta sanar cewa gwamnati za ta ɗauki malaman sa-kai, waɗanda ba su yi makarantar horo ba, a ba su ɗan horo na makonni a tura su aji. Sharuɗɗan kamar ni aka duba aka rubuta: mai birbe, ɗan ƙasa, mai lafiya, wanda bai wuce shekarun da aka ƙayyade ba. A kawo kwafin birbe, takardar haihuwa, takardar zama a yanki, ta likita, da hoto biyu. Ba albashi ne cikakke ba, alawus ne da ake kira pekil, malamai na gaske suna ta yi masa dariya. Ni kuwa da na ji adadin sai da na zauna, don ya ninka abin da yaya ke ba ni sau uku, kuma da sunana za a kira ni in karɓa. Na ciro ledar nan daga ƙasan akwati. Cikin mako guda na haɗa komai, na je wajen mai hoto na sa ɗankwalina mafi kyau, na maƙala hotunan biyu da allura a kan shafin farko na dosiye, wato kundin takardun. Inna har guɗa ta yi daga kwance.

Abu ɗaya ya tsaya mini: ofishin da ake kai takardun na sufeton nan ne. Na je wajen tsohon dirakta neman shawara. Ya ce saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, in maganar nan ta tashi fanshonsa ya tafi, ya riƙe hannuna yana roƙo, mutumin da a haife ya haife ni. Na hau mota na je Maraɗi wajen yaya. Ta saurare ni ta fashe da kuka, ta ce in aka gano za a kore ta, wataƙila har a kai ta gaban alƙali, ga 'ya'ya biyar ga miji zaune, ga kawu ya tsufa a hannunta yake ci. Ba ta ce kar in je ba. Cewa ta yi in yi abin da Allah ya nuna mini, wanda kuwa ya fi hani nauyi. Na dawo na yi dabara irin ta mai ƙaramin tunani. Na bincika aka ce mini sakatare ne ke karɓar takardu, sufeto kuma ranar Talata yake fita rangadi. Na ce in na shigar da dosiye ba ya nan, sunana ya shiga jeri, sauran Allah ya san yadda zai yi da ni.

Talata da safe na isa, layi ya miƙe har ƙarƙashin bishiyar bedi, yawanci yara ne da na girma da shekara goma, wasu ko alli ba su taɓa riƙewa ba. Na ja gyale na rufe rabin fuska na bi layi. Saura mutum huɗu a kai gare ni sai ƙofar ciki ta buɗe. Ashe motar rangadin ta lalace. Sufeto ya fito da kofin shayi a hannu, ya dubi layi, idonsa ya sauka a kaina, ya ɗaga murya da murna ya kira ni da sunan yayata. Ya ce me babbar malama irina take yi a rana cikin 'yan neman aiki, ya sa aka buɗe mini hanya, ya kai ni ofishinsa ya ba ni kujera. Ya tambayi Maraɗi, ya tambayi sabon ajina, ya ce har yanzu yana ba da labarin 'ya'yan tsamiyata. Sannan ya nuna dosiyen da ke kan cinyata ya tambayi na wane ne.

Edita, shekara nawa ke nan, amma wannan ɗan lokacin yana nan a kaina kamar jiya. Gaskiyar tana bakina. Mutumin kirki ne, ya san aikina da idonsa, wataƙila da na faɗa da ya nemo mini hanya. Wataƙila kuma da ya ɗauki waya a take, don mutum ne mai bin doka ƙwarai. Ban sani ba, har gobe ba zan sani ba. Abin da na gani a lokacin kawu ne zaune a zaure, da 'ya'yan yaya, da tsohon dirakta riƙe da hannuna. Na sa hannu ƙarƙashin gyale na zare allurar, ta soke ni a babban yatsa, na tura hotunan biyu cikin zanina. Na miƙa masa dosiyen na ce na ƙanwata ne, ba ta da lafiya, ni na kawo mata. Ya buɗe ya karanta sunana da ƙarfi, sunana na yanka da na ubana, karo na farko da na ji shi a bakinsa. Ya ce birbenta mai kyau ne. Ya tambaya ko ta taɓa riƙe aji, na ce a'a, ba ta taɓa ba. Ya ce ba komai, babu hoto a ciki, ta zo da kanta da hotuna kafin Alhamis a rufe, zai ajiye mata wuri, don in tana da rabin abin da yayarta ke da shi ya ishe shi. Ya ƙara da cewa kafin a fara horo in riƙa zaunar da ita a bayan ajina tana kallon yadda nake yi. Na yi godiya har da rusunawa, ya rako ni bakin ƙofa.

Ban wuce gida ba. Na gangara bakin tafki na zauna inda masunta ke shanya koma, na ciro hotunan, ɗaya ya ɓaci da jinin yatsana. Ban yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda barci ba ya maganinta, kuma ban ce ta sake ni ba har yau. Alhamis ta zo ta wuce. Har saƙo ya aika ta bakin dirakta yana tambayar ina ƙanwar Madam ta tsaya. Za ku ce me ya hana ni zuwa wani yanki in nema. Ana son takardar zama a can, ga Inna ta kwanta gaba ɗaya sai an juya ta, ba mai yi sai ni. Na ce bari in jira a canza shi, ai ma'aikaci ba ya daɗewa wuri ɗaya. Shekara huɗu ya ƙara. Ranar da na ji an yi masa canji na sake haɗa takardu na tafi da sassafe. Sabon sakatare ya duba takardar haihuwata ya maido mini ta taga, ya ce na wuce shekaru. A gaskiya ban wuce ba. Lokacin da aka sa ni lakwal ba ni da takardar haihuwa, doguwa ce ni, hannuna ya taɓo kunne da wuri, malamin da ya rubuta mu ya ƙiyasta ya ɗora mini shekara uku. Wasu suka ce in je a sake mini takarda a rage, kowa na yi. Amma shekarar tana rubuce a jikin birbe, kuma ni na ƙoshi da ƙarya a kan takarda.

Yaya ta yi aikinta lafiya ta yi ritaya, tana karɓar fansho, cikinsa har da na shekaru biyar ɗin da na sha rana. Muna gaisawa a biki da rasuwa, takan aiko mini da abin Salla. Ban ƙi ta ba, ƙarfin ƙiyayyar ma babu. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Ni dai ina tasha da tirena, gashi ya yi fari, 'yan kamasho na kirana uwar kifi.

Abin da ya sa na ɗauki bik na rubuto muku ya faru ne watan jiya. Wata mota ta tsaya za ta Maraɗi, wata mata da goyo ta sauko sayen kifi. Ta tsaya tana kallona, sai kawai ta zube ƙasa ta kama ƙafata tana kiran Madam. Manyan idanun na fara ganewa. Jikar tsohon nan ce. Ta ce ita ma malama ce yanzu, cikakkiya, mai takarda, ajin farko take riƙewa, kuma da 'ya'yan tsamiya take koyar da tarawa. Ta ce ta daɗe tana nemana, tana yarinya ba ta san sunana ba sai Madam, amma kakanta ya adana katin sakamakonta na ajin farko cikin wata ƙwarya, a nan ta ga sunana da sa hannuna. Ta kwance goyon ta ɗora mini a cinya, 'yar wata huɗu mai ƙiba, ta ce ga takwarata, ta roƙi mijinta tun kafin ta haihu in mace ce sunan malamarta za a sa. Ta faɗi sunan. Na yayata ne. Direba na ta danna oda, na riƙe jaririyar na yi mata addu'a, na kira ta da sunan, na ƙunsa wa uwar kifi na ƙi karɓar kuɗi. Ban gaya mata ba. Me zan ce, an riga an yanka rago.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan talauci, da a kan yaya, da a kan dokar da ke duba takarda ba ta duba aiki. Kowanne da rabonsa. Amma ni na koyi sa hannun nan a rairayi, ni na hau amalanke na je neman tafi bayan dattijo ya ce in zauna, ni na zare allurar. Na ɗauka aro na ba da na wata uku, ban san abin da na bayar ba ya dawowa. Har yau ana wannan haɗin a ƙauyuka, na sani, ina ganin 'yan mata masu birbe suna hawa mota da jakar da ba sunansu a kan kayen ciki. Ƙannena, in za ku taimaki ɗan'uwa ku taimaka da kuɗi, da ƙarfi, da jinya, da duk abin da kuke da shi. In kuma za ku riƙe wa wani aji, ku tsaya a rubuta cewa ku ne kuka riƙe, ko da ladan bai kai na sayen sabulu ba, ko da iyayen yara ne kawai za su sa hannu. Wanda ya ce ku yi aiki amma kar sunanku ya hau takarda, ku ba shi haƙuri tun a zaure, komai kusancinku. Ni na koyar da yara sun fi ɗari biyu karatu da rubutu, abu na farko da nake koya wa kowannensu shi ne ya rubuta sunansa. Hotunan nan biyu suna nan cikin leda tare da birben.

Wassalam. Daga wata mai suyar kifi, tashar Madarumfa.